Tulun da Na Ba Wa Shekara Ɗari Biyar

Tun kuna ƙanana ake ba ku labari iri biyu game da dalilin da ya sa na ƙare aikin gwamnati a sito. Dangin mahaifiyarku sukan ce darakta ne ya tsane ni don na fi shi karatu. Dangina kuwa, musamman gidan Yaya Musa, Allah ya jiƙansa, sukan rage murya su ce na taɓa ajiye gunki a ɗaki, shi ne ya ja mini. Duka biyun ba haka ba ne. Sadiya, ke ce babba, kina da shekara bakwai a lokacin, ƙila kin tuna wani abu nannaɗe da bargo a saman kabad wanda aka hana ku taɓawa. Zan rubuta abin da ya faru yadda na san shi, ko da yake akwai wuraren da har yau ban gane ba.

Shekarar da gwamnati ta taso daga Legas ta dawo Abuja ne. Ma'aikatarmu ta zo a bayan tireloli, fayiloli a ɗaure da igiya, kujeru sun biyo wata hanya, tebura sun biyo wata. Wata guda muka yi muna aiki a tsaye. An yi mana alkawarin gidaje a cikin gari, aka ce mu yi haƙuri ana fenti, don haka na kama hayar ɗaki biyu a Masaka, kan hanyar Keffi, ina shiga motar ma'aikata kullum da safe. Garin kansa ya ruɗa ni. Titi mai faɗi kamar filin jirgi, ka bi shi ka bi shi, sai ya ƙare a gonar doya. Ka tambayi mutum sunan unguwa ya ba ka lamba. Ba wanda zai ce maka nan aka haife shi, kowa baƙo ne yana tambayar baƙo hanya.

Ni kuwa abin da na karanta shi ne tarihin duniya a ƙarshen Zamanin Tsakiya, wato wajen ƙarni na goma sha huɗu da na goma sha biyar. Gwamnati ta tura ni Ingila a kansa, na dawo da akwati cike da hotuna. Na san yadda annoba ta biyo jiragen ruwa ta shiga Masar da Turai har aka rasa masu haƙa kabari. Na san yadda masu zane a Italiya suka gano dabarar sa bango ya yi zurfi, ka kalle shi kamar za ka taka ka shiga. Ina da hoton wata taswira da aka zana a wani tsibiri, inda aka sa sarkin Mali zaune da dunƙulen zinariya a hannu. Ina da tangaran mai shuɗin zane na ƙasar Sin, da shafin Alƙur'ani na Alƙahira wanda adonsa yake sa ido ya yi hawaye. Ranar da na fara nuna wa mahaifiyarku su, muna sabon aure, ta daɗe tana juya su, sannan ta ce:

"Malam, wannan tsakiyar da kake ta faɗa, tsakiyar me ce?"

Na yi mata bayani na kusan awa guda. Da na gama ta ce to, ta tashi ta duba tukunya.

Da aka kusa gama sabon ginin ma'aikata, darakta ya kira ni. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da 'ya'ya, kuma bai yi mini abin da ba shi da hujja a kai ba. Ya ce minista zai zo buɗe gini, yana son a ƙawata babban zauren shiga da wani abu mai nuna cewa mu ma'aikatar ilimi ce.

"Ka fito da hotunan nan naka, Yusuf. Ka nuna duniya shekara ɗari biyar da suka wuce, ka nuna inda muke a cikinta. Ka yi shi da kyau, sunanka yana cikin waɗanda za a ƙara wa girma."

"In sha Allahu, ranka ya daɗe."

Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na waɗannan makonni ba. Kafinta ya yi mini alluna da akwatunan gilashi. Na jera Italiya, na jera Masar, na jera Sin da Mali. Na sa kawunan tagulla na Ife, na sa ganuwar Kano da labarin malaman da suka zo daga yamma da littattafai. A tsakiyar zaure, daidai inda minista zai tsaya, na bar akwati guda na rubuta "Abuja" a samansa. Sai na zauna da biro na rasa abin da zan sa. Na san abin da mai zane a Italiya yake haɗa fentinsa da shi, har da ƙwai, amma ban san ko mutum ɗaya ba da ya sha ruwa a wannan wuri a wancan zamani. Na koma wajen darakta. Ya yi dariya.

"Nan? Ai daji ne. Shi ya sa aka zaɓe shi. Ka cire akwatin, ko ka sa taswirar sabon gari."

Akwai wani tsoho mai gadin ginin da rana, Baba Shekwolo, Bagwari, ko da yake su Gbagyi suke kiran kansu. Ƙauyensu ne aka tasa aka yi ginin a wurin. Kullum in ina aiki yakan jingina da ƙofa yana kallon hotuna. Hausarsa irin ta Abuja ce, ba ruwansa da mace ko namiji. Wata rana ya nuna tangaran na Sin da sandarsa.

"Oga, wannan kwano, me ya sa an sa shi cikin gilas?"

"Don tsoho ne, Baba. Abin tarihi ne."

"In abu ya shiga gilas, gwamnati ba ya taɓa shi?"

"Ba a taɓawa. Har wurin da aka samo shi akan kare."

Washegari da azahar ya ce in biyo shi. Bayan ginin akwai wani tudu mai duwatsu wanda aka riga aka kafa wa turaku, za a baje shi a yi wurin ajiye motoci. Muka hau, ni da takalmin ofis ina zamewa, shi ko haki ba ya yi. A can sama, cikin ciyawa, ya nuna mini jerin duwatsu da aka ɗora kan juna, tsayinsu ya kai gwiwa, sun zagaye kan tudun. Ganuwa ce, ba shakka, hannun mutum ne ya jera ta. Ƙasa kuma cike take da fasassun tukwane. Sannan ya durƙusa gindin wani dutse, ya zura hannu cikin kogo ya jawo wani ɗan tulu baƙi. A wuyansa an gina fuskar mutum, ido a lumshe, da zane uku-uku a kumatu, leɓen ƙasa ya ɗan turo kamar mai shirin yin magana. Na ga zane-zane da yawa a ƙasashen Turawa, amma ban taɓa ganin fuskar da ta ja hankalina kamar wannan ba.

"Baba, tsoho ne?"

"Tsoho ne, Oga."

"Sosai? Tun kakanni?"

Ya dube ni, ya dubi turakun da ke ƙasa.

"Sosai."

Iyakar abin da na tambaye shi ke nan. Na cire hulata na ɗora tulun a ciki, na sauko da shi.

Ofis ba makulli a lokacin, don haka na kawo shi gida. Ranar Asabar Yaya Musa ya zo. Shi ya riga ni zuwa Abuja da shekaru, yana da shagon atamfa a kasuwa, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, maganarsa a wurina ta uba ce. Yana zaune yana shan fura sai bargon ya zame, fuskar ta leƙo. Ya ajiye ludayi.

"Isuhu, mene ne wancan?"

"Tulu ne, Yaya. Na aiki ne."

"Tulu mai ido? A ɗakin da kake salla? Da hotunan Nasara muka yi haƙuri, yanzu kuma har abin bautar dutse ka kwaso mana?"

"Ba wanda yake bauta masa. Ilimi ne. Yana iya nuna cewa akwai gari a nan tun zamanin da ake gina ganuwar Kano."

"To, in akwai fa? Su waye? Sun san Allah?"

Mahaifiyarku tana bakin ƙofa, da cikin Aminu wata bakwai, ta ce a hankali:

"Yaya, a yi haƙuri, jibi zai mayar. Ni dai ba bautar ce ta dame ni ba. Fuskar ce. Kamar wadda aka sani."

Yaya Musa ya tashi bai ƙarasa furar ba, ya ce ba zai sake taka gidan ba sai abin ya fita. Ya cika maganarsa, har ya ƙara, don ko sunan Aminu bai zo ba.

Ranar Litinin na rubuta takarda mai shafi huɗu ina roƙon a dakatar da baje tudun har masana su zo su tona. Darakta ya karanta shafin farko ya ture ta.

"Katafila tana zuwa mako biyu bayan buɗe gini. An riga an sa hannu. Kana da shaida cewa wurin nan tsoho ne?"

"Akwai ganuwa, akwai tulu."

"Shekararsu nawa?"

"Sai an gwada, ranka ya daɗe."

"Gwajin wata nawa?"

"Zai kai shida."

"To ka ga."

A nan ne na yi abin da na yi, kuma ina so ku karanta shi da kyau. Ni ba masanin tona ƙasa ba ne, littafi na sani. Ban san shekarun tulun nan ba, kuma na san ban sani ba. Amma na lissafa cewa in minista ya tsaya gabansa ya ga lambar shekarunsa, ya ga 'yan jarida suna ɗauka, ba mai iya sa katafila a tudun. Na gaya wa kaina ceton wurin nake yi. Gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ba ce. Ina kuma son akwatin tsakiya ya cika. Ina son in tsaya kusa da Italiya da Sin in ce mu ma ga namu, kuma ni na samo shi. Har yau in na auna ban san wanne ya fi nauyi a zuciyata ba. Na sa takarda a keken rubutu na buga: "Tulu mai fuskar mutum, daga tudun bayan wannan gini. Ƙarni na goma sha biyar." Na yanke ta da almakashi, na manna.

Ranar buɗewa zaure ya cika. Minista ya zagaya yana gyaɗa kai, ya tsaya a taswirar sarkin Mali ya yi barkwanci a kan zinariya, kowa ya yi dariya. Da ya iso tsakiya ya karanta takardar, ya ɗaga gira, ya juyo wajen darakta.

"Ashe muna da wannan a bayan gida ba ku faɗa ba?"

Darakta ya yi murmushi kamar shi ya haƙo shi. Na ji zuciyata ta yi fari. Sai wata farfesa da ke cikin tawagar, 'yar ƙaramar mace mai tabarau, wadda tona ƙasa ne aikinta, ta sunkuya ta daɗe tana duban gindin tulun. Ta tambaya cikin ladabi, ba da niyyar tozartawa ba, wa ya gwada shi, kuma a wane zurfi aka same shi. Na ce a kogon dutse ne, wani dattijon wurin ya nuna mini. Ta ce ko yana kusa? Aka kira Baba Shekwolo daga bakin ƙofa. Ya shigo da kakinsa da ya yi masa yawa, ya cire hula. Farfesa ta gaishe shi da harshensu, abin da ni ban taɓa tunanin koya ba, fuskarsa ta saki. Suka yi 'yar magana, sannan ta ce ya faɗa da Hausa kowa ya ji: ya san wanda ya gina tulun?

"Na sani mana. Uwana ne. Ina yaro, ina zaune, ya gina shi."

Wani ɗan jarida ya ƙyalƙyale da dariya, ya toshe baki. Minista ya duba agogo. Ni kuwa ina tsaye ina kallon Baba, ina jira ya ce ba su fahimce shi ba ne, Hausarsa ce ta karkace. Shi ma yana kallona, da alamar yana jira in ce wani abu. Bai ga abin da ya ɓaci ba. Tulu yana cikin gilashi, manya sun gani, a ganinsa magana ta ƙare.

Takardar tuhuma ta riga ni isa tebur washegari. Aka kafa kwamiti, suka tambaye ni abu uku: me ya sa na ɗauki kayan tarihi na kai gida, me ya sa na rubuta ƙarya, kuma in ba kayan tarihi ba ne me ya sa na sa shi a zauren gwamnati. Duk amsar da na ba wa ɗaya sai ta kama ni a ɗayan. Ba a kore ni ba, albarkacin shekarun da na yi. Aka cire sunana daga ƙarin girma, gidan cikin gari ya tafi ga wani, aka tura ni sitonmu na Idu in kula da tsofaffin littattafan makaranta da gara take ci. Daga Masaka zuwa Idu ƙetare gari ne gaba ɗaya, mota uku. Shekara goma sha ɗaya na yi ina wannan hanya, shi ya sa ku ƙananan ba ku san fuskata da rana ba sai ranar Lahadi. Farfesar nan, Allah ya saka mata, ta hau tudun da kanta ta rubuta cewa ganuwar ta cancanci a bincika, tana iya yiwuwa tsohuwa ce ƙwarai. Amma wa zai sake sauraron maganar tudun bayan abin da ya faru? Ƙaryata ta shafa wa gaskiyarta baƙi. Katafila ta zo ranar da aka sa mata. Baba Shekwolo kuma aka sallame shi, wai ya bar bakin ƙofa lokacin aiki.

Mahaifiyarku ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Abin da kawai ta ce, ranar da na kawo takardar canjin wurin aiki, shi ne:

"Ka je ka ga tsohon nan. Kai an rage maka, shi an raba shi da duka."

Sai da na yi wata uku kafin na iya. Na fara neman tulun don in mayar masa. Kwamiti suka ce sun miƙa wa ofishin darakta, ofishin darakta suka ce an kai sito, sito kuwa ni ne, ban gan shi ba. Haka na tafi hannu wofi, sai goro da sukari, zuwa inda aka sake tsugunar da su, jerin gidajen bulo masu rufin kwano a fili ba inuwa. Na same shi yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ba ni kujera, ya aika aka kawo ruwa. Na ce na zo neman gafara, na ja masa asarar aiki, kuma tulun ya ɓace a hannun gwamnati. Ya daɗe yana fiƙe itacen bai ɗago ba.

"Yayana ne a jikin tulun," ya ce. "Mace. Kande. Ciwo ya kashe shi, bai yi aure ba. Uwana ya gina fuskarsa, ya ajiye a dutse kusa da kabari. Uwana ma yana can. Ni na ce in ya shiga gilas, ba za a kawo katafila ba."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba, Baba?"

"Ba ka tambaya ba. Ka ce tsoho ne? Na ga kana so ya zama tsoho. Na ce tsoho ne."

"Amma ranar minista ka faɗi gaskiya."

"Matan nan ya tambaye ni wa ya gina. Zan ce ban san uwana ba?"

Na zo ne in nemi gafarar wanda na cuta, sai ga shi yana cewa shi ma ya yi mini dabara, kuma ban ga laifinsa ba. Da ya gaya mini kabari ne tun farko, da na rubuta takarda a kan kabari? Na tambayi kaina a wurin, amsar da na samu ba ta yi mini daɗi ba. Wataƙila da na ce Allah ya jiƙan rai, na koma ofis na sa taswirar sabon gari a akwatin.

"Ganuwar fa?" na ce. "Wa ya jera ta?"

"Wannan kam ban sani ba. Kakana ya ce shi ma haka ya same shi."

Ya raka ni har bakin hanya. Da mota ta tsaya ya riƙe hannuna ya ce in gaida madam da yara, in kuma na ga tulun wata rana, kada in sa shi a gilas, in kawo masa. Ban sake ganinsa ba, tulun ma haka.

A hanyar komawa na sauka a tsohuwar ma'aikatarmu, ban san dalili ba. Na zagaya baya. An shimfiɗa kwalta, an ja fararen layuka, motoci a jere suna ƙyalli cikin rana. Na yi ta tafiya tsakaninsu ina ƙoƙarin gane inda muka hau, inda ganuwar ta bi, inda kogon yake. Na auna da tagar ofishina, na auna da duwatsun nesa, ko'ina iri ɗaya ne. Na kai ƙarshe na dawo, na sake komawa. Sabon mai gadi, wanda bai san ni ba, ya daɗe yana kallona, sannan ya taso.

"Oga, motarka ce ta ɓata?"

Na ce masa e. Ya tambaye ni kalarta da lambarta, ya shiga taya ni nema.